A Sa Sunan Mudassir a Takardar Mota

Zuwa ga ƙanena Zayyad, Sabon Birni.

Assalamu alaikum. Ina gaida Halima Sa'adiya da yara. Ni lafiya lau, sai ƙafar nan da ke kumbura in na yini tsaye bakin get, ba komai ba ne.

Tun shekarar da aka fara Shari'a nake magana ɗaya, har na gaji. Motar gida da sunana take, ni na dangwala yatsa a takardar inshora, kuma kai kaɗai aka rubuta direba. Ga shi wani mai goro ya ce ya sake ganin ɗanka Mudassir yana tuƙa ta zuwa Garo. Kullum sai ka ce ai ranar kasuwa ce kawai. To, ranar ce hanya ta fi cika da mutane. Allah ya kiyaye, in ya buge ɗan wani, kamfanin inshora zai zare hannu, ni za a nema da diyya, ina nan Fatakwal ina gadin gidan mutane.

Ban hana yaro tuƙi ba. Ka je Kano a ƙara sunansa, ko ka karɓe makullin. In kai ba za ka ba ni amsa ba, miƙa wasiƙar nan ga wanda zai amsa.

Yayanka,
Baƙo