Inna ta kira sunanka

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. Ƙanena ya ci mutuncina a zaman makokin uwarmu, ya ce gaban jama'a ya aiko mini takarda na ƙi zuwa. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ƙarshen magana kafin ku tsine mini.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da garin Suki, can gabas a tsohuwar hanyar hajji, kakanninmu daga Sakkwato suka taso. Ni ne ɗan fari, kuma kun san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Shekarata arba'in da shida ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Wancan" take ce mini. "Ku kai wa wancan tuwo." Da Baba ya rasu, hawasha, wato gonar audugar da hukuma ta yanka masa, sai aka rubuta wa ƙanena, wai shi ya yi makarantar gwamnati, ni kuwa allo ne sai ɗan bokon da na tsinta. Inna ba ta hana ba. Na yi fushi na tafi Damazin ɗaukar siminti a ginin madatsar ruwa, shekara uku ban taka gida ba.

Ran nan direban lori ya miƙo mini takardar ƙanena. Ga abin da ke ciki duka: "Bayan gaisuwa, auduga ta yi kyau bana. Inna ta kira sunanka sau biyu ranar Talata. Wassalam." Da na iso gida na tarar an binne ta da kwana biyu. Shi ne ƙanena ya miƙe cikin mutane ya ce, "Na rubuta wa Yaya, shi ya ƙi." Na zaro takardar na ba liman ya karanta da ƙarfi, na ce, "Ina ciwo a nan? Ina 'ka zo'? Auduga ya ba ni labari!" Nan take magana ta juya kansa. Yanzu dattawa cewa suke da gangan ya ɓoye, har wasu ba sa amsa sallamarsa.

To ga abin da ban gaya wa kowa ba: na gane. Wallahi kafin idona ya kai kan "wassalam" na riga na san abin da ake gaya mini. Matar da ta riƙe sunan nan shekara arba'in da shida, me zai sa ta sake shi in ba ta ga tafiya ba? Amma na naɗe takardar, na je na fassara wa wani Balarabe abokin aikina, wanda bai san al'adarmu ba. Ya ce, "Salam bas, ya zol, gaisuwa ce kawai." Shaida nake nema, na samu. Kwana huɗu na zauna ina jiran takarda ta biyu, wadda za a roƙe ni a ciki. Wane irin ɗa ne wannan?

Jiya ƙanena ya same ni a bakin hawasha, ya rame. Ya ce, "Yaya, tsakaninka da Allah ba ka gane ba? Inna ce ta hana ni rubuta ciwo. Ta ce in rubuta haka nan, wancan zai gane."

Jama'a, me zan yi? In tara dattawa in wanke shi, su san ni ne na bar uwata ta mutu tana kirana? Ko in yi shiru ya ci gaba da ɗaukar laifina? So nake ma in tambaye shi yadda ta faɗi sunan, amma da wane baki? Don ku ji abin da na mayar masa, ina kallon tsakiyar idonsa:

"Ba ku kuka ce ni jahili ne ba? Ai sai ka rubuta yadda jahili zai gane."