Itatuwa Masu Gicciye na Hanyar Maƙabartar Kivioja

Zuwa ga:
Mai girma Daraktan Kula da Dazuka,
Gundumar Haavapalu, Kudancin Estoniya.

Daga:
Maret Ilves, Sakatariyar Ƙungiyar Mazauna Ƙauyen Kivioja,
a madadin dattijo Valdur Sarapuu.

22 ga Janairu, 2024

GAME DA: Sare kurmin bakin hanyar maƙabarta domin yin makamashi, da roƙon a dakatar da abin da ya rage

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa kamar yadda ya dace da ofishinka, ina rubuto wannan takarda a madadin Valdur Sarapuu, mai shekara saba'in da tara. Ya nemi in rubuta masa saboda hannunsa yana rawa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aikin gandun daji a wannan gunduma, ya dasa itace kuma ya sare itace, don haka ya ce in fara da bayyana cewa ba ya gaba da sara. Makarantar ƙauyenmu ma da ɓaraguzan katako ake ɗumama ta. Ga abin da yake ƙorafi a kai.

1. Ranar 14 ga Nuwamba, 2023, ofishinka ya ba kamfanin Motsatuli izinin sare kurmin da ke tsakanin gadar Kivioja da maƙabarta, a kashi biyu. Kamfanin yana niƙe itace, ya dunƙule garin, ya loda wa jiragen ruwa zuwa tashoshin lantarki na ƙetare, inda ake lissafa shi cikin makamashi mai sabuntawa. Ba a sanar da kowa a ƙauyen ba. An ce an sa sanarwar a intanet. Valdur ba ya da intanet.

2. Mai girma Darakta ya san abin da ake yi a wannan hanya, amma zan rubuta domin ya shiga fayil. Idan an ɗauko mamaci za a kai shi makwancinsa, ayari yakan tsaya a kurmin. Namiji daga dangi ya sauko ya zana gicciye da wuƙa a jikin itace, a kurɓi barasa, a ci baƙin burodi, sannan a wuce. Kafin ranar 8 ga wannan wata akwai itatuwa hamsin da uku masu wannan alama. Ɗaya na Salme ne, matar Valdur, wadda ta rasu ranar 2 ga Afrilu, 2021, bayan zaman shekara hamsin da huɗu. Wanda ya zana mata shi ne Priit Kaldma, ɗan wanta.

3. Ranar Litinin, 8 ga Janairu, wannan Priit ɗin, mai shekara arba'in da shida, shi kamfanin ya turo da injin sara. Da ya ga inda taswira ta kai shi, sai ya kashe injin ya kira shugabansa. An ce masa taswirar ofishinka ba ta nuna komai a wurin ba. Ya sauko ya taka zuwa gidan Valdur, ya same shi yana kwashe ƙanƙara a bakin ƙofa.

Ya ce, "Baba, kurmin Goggo aka ba ni. Na ajiye musu makulli."

Valdur ya ce, "To me za ku ci, kai da iyalinka? Gicciyen?"

Ya ce, "Su nemo wani."

Valdur ya ce, "Ai za su nemo. Shigo ka sha shayi, hancinka ya yi ja kamar na mashayi."

Na rubuta wannan ne domin a san cewa an gaya wa kamfanin tun kafin itace ɗaya ya faɗi. Ranar da abin ya faru na kira ofishinka sau uku. An ce mini jami'in da abin ya shafa yana hutu.

4. Ranar Talata, 9 ga wata, aka kawo wani direba daga wata gunduma. Ya fara da ƙarfe takwas, ya gama kashi na farko kafin ƙarfe uku. Itatuwa arba'in da biyu masu gicciye suna ciki. Valdur ya tsaya a bakin hanya daga farko har ƙarshe. Bai tare kowa ba. Da aka tafi, ya shiga ya ƙirga zobban da ke kututturen itacen Salme, kowane zobe shekara ɗaya, domin aikinsa ne kuma ya iya. Ya samu ɗari da goma sha bakwai. Ya ce in sa wannan adadi a takarda, in tambayi mai girma Darakta cikin ladabi ko minti nawa irin wannan itace yake ɗauka a cikin tanderun lantarki, kuma wa aka tanada ya jira shekara ɗari da goma sha bakwai ya tabbatar an sabunta shi.

5. Izinin ya ce za a sake dasawa. Haka aka rubuta a izinin filin da ke bayan tsohon injin niƙa, wanda aka sare a 2019. Valdur ya zagaya filin a bazarar da ta wuce. Cikin kowane dashe goma, bakwai sun bushe, manyan tayoyi sun danne ƙasar har ruwa ba ya shiga. Babu wanda ya dawo ya duba.

6. Ranar Litinin, 15 ga wata, Priit ya kai Valdur harabar masana'antar kamfanin a motarsa, tafiyar kilomita sittin. Mai kula da harabar, wata mata da ake kira Ulvi, ta ce doka ba ta yarda baƙo ya shiga ba. Ta dubi Valdur, sannan ta miƙa masa hular kwano da rigar aiki, ta ce, "Kaka, idan wani ya tambaya, kai sufeto ne. Ka ɗaure fuska, haka suke yi." Ina roƙon kada a hukunta ta.

Gumaguman kurminmu an jibge su tare da na wasu wurare, tsibi ya fi gidan bene tsawo. Kwana biyu suka yi suna dubawa. Abin da ke fuskantar waje kaɗai ake iya gani. Ba su sami na Salme ba. A rana ta biyu suka ga gungume ɗaya mai gicciye, tsohon zane wanda ɓawo ya kusa rufewa. Ulvi ta sa aka zaro shi aka yanke musu wurin alamar. Yanzu yana jingine a rumfar itacen Valdur. Mun kira tsofaffin ƙauyen sun duba, babu wanda ya san ko na wane ne. Valdur yana share masa ƙura duk safiya. Na tambaye shi yadda yake ji, ya ce ba ya jin komai, kuma yana cin abincinsa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon abubuwa kamar haka:

Na ɗaya, a dakatar da kashi na biyu na saran, wanda aka sa ranar 5 ga Fabrairu. Itatuwa goma sha ɗaya masu gicciye sun rage a cikinsa.

Na biyu, a umurci kamfanin kada ya niƙe tsibin da ake magana a kai. An shaida mana ranar 29 ga wannan wata zai shiga inji. A bar mutanen Kivioja su tsaya lokacin da ake warware shi, kowa ya nemi nasa.

Na uku, a turo jami'i ya sa waɗannan itatuwa a taswira. Valdur ya san kowanne, zai raka shi, amma ya ce a zo da safe domin ƙafarsa ba ta kaiwa yamma.

Na huɗu roƙon Valdur ne shi kaɗai, kuma ya ce in rubuta shi yadda ya faɗa. Idan ba za a iya ko ɗaya daga cikin na sama ba, a bar itace guda a bakin hanya, ko da marar kyau ne wanda masana'anta ba za ta yi kewarsa ba, muddin mota za ta iya tsayawa kusa da shi. Likita ya yi masa bayani a watan Disamba cewa kwanansa ya kusa ƙarewa, kuma Valdur ya riga ya ba Priit wuƙarsa ta zana gicciye. Ba ya son a fito da shi a yi ta tafiya ana neman inda za a tsaya.

Muna sauraron amsar mai girma Darakta kafin ranar 29 ga wata. Allah ya ƙara girma.

Taka cikin ladabi da biyayya,

Maret Ilves
Sakatariya, Ƙungiyar Mazauna Ƙauyen Kivioja

An karanta mini, haka ne.
V. Sarapuu