Auta Ba Zai Zo Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Jikarka ta fara tafiya, yanzu ba abin da ke tsira a kan tebur.

Na ga saƙonka cewa in turo maka Auta ya kama aiki a shagonka, tunda ƙungiyarsu ta hip-hop ta watse. Ta watse kam, amma ba faɗa aka yi ba. Faifansu na ƙarshe bai karɓu ba, cikin abokan waƙarsa biyu Dogo ya buɗe shagon aski, Mai Gilashi kuma ya koma waƙar talla a rediyo. Ɗana ya rage shi kaɗai, ya rame, ni ma hankalina ya tashi.

Ga yadda suke waƙarsu: Auta ya zubo baiti a guje, sauran biyun su cafe kalmar ƙarshe, shi kuma ya ja numfashi. Da ya fara gwaji shi kaɗai a ɗakin baya, kowane baiti sai ya fito ba wutsiya, don bakinsa ya saba bar musu. Ya ce mini ya haƙura, gara ya tafi wurin kawunsa. Rannan ina wanke-wanke yana gwaji, ya zo gurbin kalmar ƙarshe ya yi shiru, sai na ji bakina ya faɗi kalmar. Ni da na yi shekaru ina buga musu bango su rage hayaniya! Ya leƙo yana dariya. Na ce masa in ni na haddace ba da sona ba, ina ga waɗanda suka sayi faya-fayansu na baya?

Ranar Asabar ya hau dandamali a zauren unguwa, na zauna can baya. Ya kai ƙarshen baitin farko ya yi shiru, sai zauren gaba ɗaya ya ɗauka. Haka suka yi masa har ya sauka. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Don haka Yaya, Allah ya saka da alheri, amma ka nemi wani ya riƙe maka shagon. Yaron nan yana da aikinsa.

Ka gaida Anti da 'yan biyu, da Goggo in ta zo. Auta ma yana gaishe ka. Ya so ya kira ka da kansa, muryar ce ta dishe.

Taka ƙanwa,
Maman Auta