Rumfar Batula A Kan Iyaka

Sabuwar Tasha, hanyar Kurfi

Yaya Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗiyata Kubra da ke karatu a gidanka. Tunda aka yanke layin waya mun koma zamanin kakanni, to ga takarda ta hannun Ilu direba.

Na tare a rumfar da kuka ba ni, har na kafa murhu. Tasha kam ta yi kyau, ban hana ku yabo ba. Amma Yaya, wa ya taɓa gina tasha a tsakiyar daji? Na san yadda aka yi. An haɗa kuɗin raya gari da ake karɓa hannun duk wanda ya yi sabon gini a Dutsin-Ma da Kurfi, ni ma na biya da na ɗora ɗakina, sai kowane gari ya ce ba zai zuba nasa a ƙasar wani ba. Ku 'yan kwamiti kuka ɗauko igiya kuka auna, kuka dasa tashar daidai kan iyaka. Yanzu murhuna na Kurfi, bencin masu cin abinci na Dutsin-Ma. In na zuba wa mutum tuwo sai na ƙetare gari kafin in miƙa masa.

Abu guda nake tambaya, wa ke gadinmu? 'Yan sintirinku iyakarsu gada, na Kurfi kuma daga babbar kuka suke juyawa. Tsakanin gada da kuka mu ne kawai da tukwanenmu.

Ka gaishe da kowa. Ƙanwarka,
Batula

Dutsin-Ma

Ƙanwata Batula,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, Kubra ta karanta ta sha dariya.

Ki daina raina aikin igiyar nan, da ita aka kashe rigimar da ta kusa rusa komai. Game da gadi, yarjejeniya ta ce kowane gari zai tsare rabinsa. Sai dai kuɗin da aka tara na gini ne, ba a sa gadi a ciki ba, kuma kwamiti yana nazari a kai.

Ina roƙonki kada ki riƙa wannan magana a gaban masu rumfuna. Ke ƙanwata ce, idon kowa na kanki. Ki kuma tuna dokar da muka kafa, duk rumfar da aka rufe ranar kasuwa za a karɓe ta a ba wani. Ni na kawo dokar don kada wurin ya mutu tun yana jariri, ba zan iya karya ta a kan 'yar'uwata ba.

Allah ya sa albarka a sana'a. Yayanki,
Rabi'u

Sabuwar Tasha

Yaya,

Salamu alaikum, ina gajiyar nazari? Allah ya sa ku gama shi muna raye.

Yau ba wasa na zo yi ba. Akwai wasu mutane da ke zuwa tashar nan da rana tsaka, kuma ba sa shiga mota. Ka san tasha, kowa da inda za shi, ko mai jiran wani idonsa na kan titi. Waɗannan idonsu na kanmu. Su zauna a bencina, su ci, su biya abin da na faɗa. Jiya suka kwashe burodin mai shayi gaba ɗaya, ko ragi ba su nema ba. Ka taɓa ganin mutumin ƙasar nan ya sayi kaya haka bai yi ciniki ba? Ɗayansu ya tambaye ni wace mota ce ta fi cika ranar kasuwa. Na ce masa ni tuwo nake tuƙawa ba mota ba. Ya yi murmushi kawai.

Inno mai fura, wadda tun muna tsohuwar tasha muke zama tare, ta daina zuwa. Ranar ƙarshe ta kama hannuna ta ce, "Batula, mu mun kaɗa shanu mun yi kudu. Ke mi kike jira?" Mutanen da suka haifi kakanninsu a dajin nan ne fa suka tashi.

Na je wajen shugaban sintiri na Kurfi, ya ce ƙofar tasha Dutsin-Ma take kallo, can zan kai kuka. Ilu ya tambayi naku, suka ce rumfunan abinci a ƙasar Kurfi suke.

Yaya, ina jin tsoro, na faɗa maka a fili. Ka ba ni izini in rufe na ɗan lokaci ba tare da an karɓe rumfar ba. Tun rasuwar baban Kubra da wannan tukunya nake riƙe da kaina da karatunta, in aka ƙwace ban san ina zan dosa ba. Kalma guda nake so daga gare ka.

Ƙanwarka,
Batula

Dutsin-Ma

Batula,

Ina gaisuwa. Na karanta, kuma raina bai kwanta ba. Na kira taron gaggawa amma bai yiwu ba, domin mutanen Kurfi sun ce taron baya a Dutsin-Ma aka yi, wannan karon sai mun je musu, namu kuma suka ƙi tashi.

Ki daure ki buɗe ranar kasuwar nan kaɗai. In aka ga rumfarki a rufe, kafin la'asar kowa zai naɗe tabarmarsa, aikin da garuruwa biyu suka sha wuya a kansa ya tashi a banza. Washegari zan zo da kaina, ko da 'yan sintiri ko babu.

Allah ya tsare. Yayanki,
Rabi'u

Sabuwar Tasha

Yaya Rabi'u,

Salamu alaikum. To, na ji. Ban taɓa tsallake maganarka ba tun ina goye a bayan Innarmu, ba yau zan fara ba. Gobe zan ɗora tukunya.

Na ba Ilu 'yan kunnena da zoben da baban Kubra ya bari, a kai mata. Ka ce mata nauyi suke yi min wajen aiki.

Mutanen nan yau ba su zo ba. Mai shayi yana murna wai mun rabu da su, ni ban yi ba.

Ka yafe min tsokanar da nake maka. Ƙanwarka,
Batula

Dutsin-Ma

Ƙanwata Batula,

Assalamu alaikum. Da safiyar kasuwa na ba Ilu takarda cewa ki rufe ki taho, dokar ta sha ruwa. Da yamma ya dawo min da ita a naɗe.

Na je. Tuwonki ya ƙone a kan murhu, takalminki guda yana ƙarƙashin benci. Ba ke, ba mai shayi, ba fasinjojin motar farko. Ba wanda ya ga inda aka yi da ku.

Yau garuruwan biyu sun zo tasha tare. Sun ɗauko igiyar nan suna auna rumfarki, don a san a ƙasar wa aka ɗauke ki, a san 'yan sintirin da za su bi sawu. Suka miƙo min bakin igiya in riƙe, na ƙi karɓa.

Kubra ta sa 'yan kunnen, tana tambaya yaushe za ki zo. Zan ajiye wannan takarda a kan bencinki, in danne ta da dutse.

Ki rufe rumfar, Batula. Ki taho gida.

Yayanki,
Rabi'u