Ƙyallen da Ƙasa ta Ci

Asabar, 8 ga Yuni, 2024
Kalilu mai buga bulo ya sake zuwa kan maganar sayen gonar Baba ta hanyar Zango. Ni dai na gaji. Kullum zuba takin zamani, gero ko ƙugu ba ya wucewa. Gona ta mutu, a sayar a huta. To amma ƙanwata Murjanatu tana da gado a ciki, kuma ta ce atafau. Tun da ta karanto aikin gona ba mu huta ba. Wai, "Yaya, ba mutuwa ta yi ba, yunwa take ji." Ƙasa da yunwa!

Litinin, 10 ga Yuni
Wai akwai halittu a cikin ƙasa da ido ba ya gani, su ke ruɓar da kara da kashin shanu su zama abincin shuka. Har ƙamshin ruwan farko wai aikinsu ne. Na ce gani ya kori ji. Sai ta raba tsohuwar rigata ta auduga biyu. Mun binne rabi a tsakiyar gona, rabi a gindin gawo inda shanun Fulani ke kwana da rani. In duka suka fito lafiya, ta yarda a sayar.

Laraba, 12 ga Yuni
Kai! Ashe Ɗantsoho maƙwabcin gonarmu ya hango mu muna binne farin ƙyalle. Gari ya ɗauka asiri na binne masa. Ko gaisuwata ba ya amsawa. Ni Dabo, da furfurata!

Juma'a, 5 ga Yuli
Na durƙusa a wurin da muka binne ƙyallen na kasa kunne. Me nake so in ji? Allah Ya sa ba wanda ya gan ni.

Lahadi, 28 ga Yuli
Yau muka tono. Na kira Ɗantsoho shaida, ya zo yana ta tofa addu'a. Na tsakiyar gona ya fito garau, wanki kawai yake so. Na gindin gawo kuwa sai ɗan tsumma baƙi da zaren ɗinki. Na ce gara ce. Murjanatu ta ce, "Har da ita, Yaya. Amma me ya hana ta cin wancan?" 
Ɗantsoho ya juya tsumman da sanda ya ce, "To, Malam Dabo, ƙasa ta cinye asirin naka." An sha dariya. Ni kuwa wanda bai ruɓe ba ne ya tsaya min a rai. Tausayin gonar ya kama ni, wallahi.

Alhamis, 24 ga Oktoba
An gama girbi. Na ce wa Kalilu ya dakata tukuna. Kara ma na bar shi a kwance, ban ƙona ba. Audi Bafulatani zai kwantar da shanunsa a tsakiyar gona bana. Ba wai na yarda da maganar ƙanwata ba ne, so nake kawai in gani.
Na ware wata tsohuwar rigar, sai ruwan farko. Ban gaya wa Murjanatu ba.