Ƙibar da Kika Nema Mini

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Yaya yara, yaya zaman Fatakwal? Mu nan gero ya tashi, sai dai babu taki.

Na ji ke kika kira matata Asabe kika ce ta ɓoye ƙwayoyin ciwon ƙodata da ke sa ni fitsari, wai kin ga hotona a waya na rame, magani yana tsotse ni. Ta bi maganarki, ta ce mini sun ƙare, ta kuma san a wannan tsadar ba zan sayi wasu nan take ba.

To, na yi ƙibar. Ƙafafuna suka cika har takalmi ya ƙi shiga. A ƙofar masallaci maƙwabcina har cewa ya yi, "Kai, Malam, ka murmure!" Ruwa ne, Rabi, ba tsoka ba. Ya hau ƙirjina, kwanciya ta gagare ni, a zaune nake jan numfashi har aka kwashe ni zuwa asibiti a Bici.

Likitan kansa ya ce sai a littafi ya taɓa ganin irin wannan ciwon ƙoda nawa, amma ke kin gano shi daga hoto.

Ki sa ni a addu'a, ita nake nema a wurinki, ba shawara ba. Ki gaida kowa. Idan kin sake ganina da kumatu a hoto, kada ki yi murna. Ki nemi mota, don ba a jiran na nesa wajen jana'iza.

Yayanki,
Malam Hamisu