Kalmar da Auta Ta Sa a Bakin Mama

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda za ta same ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana, matarka dai ta tona maka asiri. Mu nan muna nan da sauƙi. Maigidana ya koma tuƙi, 'yan biyu sun shiga aji huɗu, surutunsu sai ka toshe kunne. Na zaɓi in rubuta maimakon in kira, domin kai a waya kullum sauri kake yi.

Ka san tun da shanyewar ɓarin jiki ta sami Mama magana ta ɗauke mata, har sunana ya tafi. Abu ɗaya ya rage a bakinta, addu'ar nan da marigayi Baba yakan zauna shiru a bakin gado yana maimaitawa: ya Yesu Ɗan Allah, ka ji tausayina. Rabi da jan numfashi, rabi da sakinsa. Haka take wuni da ita a kujerarta ta gaban taga, ni ina gefe a kan keken ɗinki. Likitanta ya ja mana kunne tun farko, ya ce mu taimaka mata ta riƙe wannan ɗin, don in ta daina faɗarsa mai yiwuwa ya bi sauran ya tafi ke nan.

To, kusan wata huɗu ke nan Autarmu ta fara hawa benen da ke saman kantin maganin da take aiki. Wani mutum ya kama ɗaki a can yana koya wa mutane zaman shiru. A cire takalmi, a miƙe baya, a rufe ido, kowa da kalmar da aka raɗa masa a kunne, ya yi ta nanata ta a zuci, minti ashirin da safe, ashirin da yamma. Ban hana ta ba, kuma a gaskiya zafin ran nan nata ya ragu, ta daina buga mana ƙofa. Da na tambaye ta ma'anar kalmar, sai ta ce ai da gangan ba ta da ma'ana, don kada hankali ya sami abin kamawa. Wai abin da Baba yake yi ne sak, suna kawai ya bambanta: zama iri ɗaya, numfashi iri ɗaya, in tunani ya gudu ka komo da shi a hankali. Ban iya musa mata kamannin ba. Amma na ce Baba wani yake kira, kuma ya san wanda yake kira, ita fa wa take kira? Ta yi dariya ta ce ni dai na cika tsoro, babu kowa a can, hutu ne kawai. Wannan babu kowa ɗin ya tsaya mini a rai har yau.

Ka san mun raba jinya. Ita ke da safe, wanka da shayi da magani kafin ta fita, ni ina can kai yara makaranta. Ashe ta lura Mama takan sarƙe a tsakiyar addu'ar, numfashi ya gaza kai ta ƙarshe, ta kama kuka. Tausayi ya kama Auta, sai ta riƙe hannunta ta fara faɗa mata tata kalmar a fili, 'yar guntuwa, ba wuyar faɗa. Kullum safiya, har mako uku, ban sani ba. Har yaba mata na yi, na ce hannunta na da albarka, don Mama ta natsu, hawan jininta ya sauka. Ni ma ga nawa laifin, ba zan ɓoye maka ba: masu kawo ɗinki suna ta satar kallon Mama in tana motsa baki, sai na koma kunna rediyo don ya rufe muryarta. Kunya na ji, Yaya, kunyar addu'ar uwata.

Ran Talata aka ɗauke wuta, rediyo ya mutu, ɗakin ya yi tsit. Sai na ji abin da take faɗa. Kai, ba addu'ar Baba ba ce! Na durƙusa a gabanta na fara mata ya Yesu, na dakata ta ƙarasa kamar yadda ta saba. Ta dube ni, bakinta na rawa, sai waccan kalmar ta fito. Ba zan rubuta ta a nan ba. Sau uku ina farawa, sau uku ita ke fitowa. A na huɗu ta kai Ɗan Allah, ta tsaya.

Da Auta ta dawo na wanke ta tas, na faɗi abubuwan da yanzu nake nadama. Tana kuka tana tambayata ko na fi son Mama ta yi ta shan wahala. Na kira Fasto. Ya zauna kusa da Mama ya daɗe yana saurare. Ya ce shiru ba zunubi ba ne, maimaitawa ma haka, kuma Allah ya san wanda baiwar nan ta yi shekara sittin tana kira, ba ya neman sai harshe ya daidaita. Amma ya ce Auta ta bari, don ba a sa wa mara lafiya abin da ba ta zaɓa ba. Na raka shi bakin ƙofa, fuskarsa ba ta yi kama da ta wanda ya gamsu da maganarsa ba. Auta ta daina. Mama ce ba ta daina ba.

Kullum addu'ar sai raguwa take yi. Yanzu ya Yesu kawai ke fita, shi ma sai na fara mata. Muryarka irin ta Baba ce, in kana magana a waya takan juya kai tana nema. Ka zo ka zauna a bakin gadonta ka yi ta faɗa mata, ko Allah zai sa ta kama. Kada ka ce sai hutun ƙarshen shekara, ban ga alamar abin zai kai can ba. Ina jin tsoro ƙwarai. Jiya ina ɗinka bakin wani zane, ƙafata na kan keke, sai na kama leɓena na faɗin kalmar nan, ni da ban taɓa taka benen ba.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, da babbar 'yarka, da takwaran Baba, ka ce masa gwaggonsa na cigiya. Maigidana da 'yan biyu suna gaisuwa. Auta ma ta ce a gaishe ka, ta ce ka yafe mata. Na gaya wa Mama cewa kai nake rubuta wa, na tambaye ta me zan ce maka. Ta buɗe baki, na riƙe biro ina jira. Ba sunan Yesu ta kira ba. Don Allah ka zo.

Taka ƙanwa,
Mai ɗinki